Neman Ƙafar Adda Dija

Duk ƙasar da baduku ya sauka, ƙafafun mutane yake fara gani kafin fuskokinsu. Ni ma da na sauka a Delhi ban ɗaga kai na kalli dogayen gine-ginen da ake ba mu labari ba. Kaina na ƙasa, ina duba silifa da diddige da yatsu, har wani ɗan sanda ya tambaye ni ko wani abu na yar. Dukanci gadonmu ne, kakanmu ya zo da shi daga Kano ya zauna a unguwar Luggere ta Jimeta, amma a bakin 'yan Jimeta ni Sale shumeka ne kawai. To shumekan nan ne ya hau jirgi ya tafi Indiya koyon yin ƙafar roba, kuma ba don jama'a ba, kada in yi wa kaina kirarin ƙarya. Don mutum ɗaya na tafi.

Adda Dija ce, yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Aure ya kai ta wani gari can gaba da Mubi, a gindin duwatsu. A shekarar da garuruwan wajen suka riƙa watsewa, ta kira ni wata Talata da hantsi ta ce hankalinta bai kwanta ba, in nemo mota in zo in kwashe su. Ina da takalman biki a gabana da na yi alkawarin gamawa. Na ce mata, "Adda, jita-jita ce. Bari sai gobe." Kafin goben 'yan bindiga suka shiga garin. Mijinta bai fita ba. Ita ta fita da harsashi a ƙaurinta na hagu, ta yi kwanaki a daji, kafin a iso da ita Yola ƙafar ta lalace, likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa. Tun daga nan take zaune a gidana. Ba ta taɓa tayar da maganar wayar nan ba, ni ma ban taɓa ba. An taɓa ba ta wata ƙafa ta taimako, mai nauyi, da takalmi manne a jiki. Sau biyu ta sa ta jingine ta bayan ƙofa, ta ce ko tsuguno ba a yi da ita balle zaman tahiyya. Ni kuwa na ƙudura a raina cewa ranar da ta taka ƙasa da ƙafar da na yi da hannuna, ranar ce zan iya buɗe baki in roƙi gafararta.

Dalalin da ya turo min takardar shiga makaranta ya tarye ni da fara'a har kunne. Ya rataya min furanni a wuya kamar ragon da ya ci gasa, ya sa ni a keke mai ƙafa uku. Keken kuwa irin namu ne na Jimeta sak, ashe nan ne gidan ubansu, kuma direbobin can sun fi namu rashin tsoron Allah. Muka yi ta kurɗawa lungu-lungu har muka tsaya ƙarƙashin wani bene. Makarantar da na gani a hoto mai filin ciyawa da ɗalibai cikin fararen riguna, sai ga ta ɗaki ɗaya a saman shagon waya. Akwai tebur, akwai na'urar buga takardu, akwai ƙwarangwal na roba rataye a ƙusa, hannunsa ɗaya ya ɓace.

Ya ce, "Sati biyu takardar shaidarka ta fito. Ba sai ka wahalar da kanka da zuwa kullum ba, je ka ga gari."

Na ce, "Ƙafar fa?"

Ya ce, "Wace ƙafa?"

Kwana uku bayan haka na tarar da kwaɗo a ƙofar, wayarsa a kashe. Mai shagon ƙasa ya dube ni da tausayi, irin tausayin wanda ya saba gani.

Na yi kusan wata guda a wani masauki kusa da tashar jirgin ƙasa, ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Kunya ta hana ni komawa, rashin sanin hanya ya hana ni gaba. Kewar gida ba ta zo min ta inda na zata ba. Ba 'ya'yana na fara kewa ba, Allah Ya yafe min, gasasshen kifin Binuwai na fara kewa, da hayaniyar masu keke a unguwar Bekaji, da muryar Adda tana yi wa matata faɗa a kan gishiri. In ta kira sai in gyara murya.

"Sale, yaya makarantan?"

"Babba ce, Adda. Sai an hau mota daga aji zuwa aji."

"To madalla. Ka ji ni da kyau, kar ka kawo min farin ƙafa irin nasu. Ɗaya baƙi ɗaya fari, yara su bi ni da ihu. Kuma ka bar min wajen sa silifa."

Sai in yi dariya da ƙarfi don ta ji, in kashe wayar in zauna ina kallon bango.

Wata safiya ina tsaye wajen wata tsohuwa mai shayi, wadda ta saba miƙo min kofin ƙasa tun kafin in yi magana, sai wani mai tura keken kaya ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ba takalmi a ƙafarsa. Idon baduku ya yi aikinsa. Diddigensa na dama duk faso, kamar na kowane mai yawo ba takalmi, na hagu kuwa sumul. Na tsuguna ni ma ina kallo, har abin ya zama rashin kunya. Mutumin ya lura, ya janye zanensa sama, ya ƙwanƙwasa ƙaurin da yatsa, ya yi ƙara ƙwas-ƙwas. Ya tuntsire da dariya ganin yadda na buɗe baki. Roba ce, ga yatsu har da farce, kuma ga shi tsugune a kanta yana shan shayi. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin nasu. Na nuna masa hoton Adda da sandunanta. Dariyar ta tsaya. Ya ja ni wajen wani mai sayar da jarida, aka rubuta min adireshi da rubutunsu mai kama da shanyar kaya a igiya, aka ce in hau jirgin ƙasa zuwa garin Jaipur. Bai tafi ba sai da ya ga na shiga layin da ya dace. Har yau ban san sunansa ba.

A jirgin wasu iyali suka matsa min waje suka miƙo min gurasarsu da wani abu mai yaji da ya sa na yi hawaye, suka ɗauka na gida nake tunawa, suka ƙara min. A Jaipur abin da ya fara ba ni mamaki shanu ne, kwance a tsakiyar titi, ba makiyayi ba igiya, motoci na kauce musu. Na ce da Fulanin garinmu za su ga wannan, da sun zauna sun yi kuka.

Adireshin ya kai ni wani tsohon gida a bayan wurin bautarsu. Tsakar gidan cike da mutane zaune a ƙasa, kowa da sandarsa, farin garin filasta ya rufe komai har ganyen bishiya. Mai wurin wani gajeren dattijo ne mai farin gashin baki da jan ɗigo a goshi, sunansa Mohan. Su suna ƙara masa "ji" don girmamawa, ni na kira shi Baba Mohan, ya kuwa amsa. Na miƙa masa takarduna, ya ajiye gefe bai buɗe ba. Hannuwana ya kama ya juya, ya shafa kantar da basilla ta bar min a yatsu.

Ya ce da Turancinsa mai lanƙwasa, "Mai ɗinkin fata ne kai."

Na ce eh, na kwashe labarin dalali na faɗa masa, na ce ina da 'yar'uwa mai jira. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙo min tsintsiya.

Wata biyu ina shara da wanke bokitai. Na yi ta tsaki a cikina, ni da nake da shago da masu jiran aikina a gida. Amma a ɗakin ajiyarsa nake kwana, matarsa ke aiko min abinci sau biyu a rana, ganye da wake da gurasa, nama kam ko a mafarki. Kowace safiya yakan kunna turare gaban hotunan abin bautarsa. Rana ta biyu ya tambaye ni ina nake fuskanta in zan yi salla, na nuna masa, ya sa aka janye wani kabad aka share min kusurwa. Bai taɓa gayyata ta nasa ba, ni ma ban taɓa yi masa wa'azi ba, sai dai in azahar ta yi ina cikin aiki ya taɓa agogonsa ya nuna min kusurwar.

Tsarin wurin ya daɗe yana ɗaure min kai. Ba a karɓar komai daga hannun kowa, suna kiran aikin seva, wato hidima don Ubangiji. Kuma ba wanda ke yin ƙafa guda daga farko har ƙarshe. Wani zai naɗe dungulmin da bandejin filasta ya ciro siffarsa, wani ya zuba ya kankare da magagari, wani ya gasa bututun roba a tanderu ya ja shi a kan siffar ya zama gurbin da dungulmi zai shiga, wani ya ɗaura tafin. Ranar da mai ƙafa ya miƙe ya taka, dangi na kuka suna neman wanda za su taɓa wa ƙafa don godiya, sai a nemi Baba Mohan a rasa. Yana bayan ginin yana wanke bokiti, aikina. Ni a garinmu in na ɗinka wa ango takalmi, sai na je wajen bikin na tsaya inda za a nuna ni.

A hankali aka bar ni na taɓa filasta, sannan magagari. Hannuna ya faɗa da sauri, abin da kan ɗauki wasu wata uku ni sati uku ya ishe ni, kuma ban ɓoye wa kowa cewa na san haka ba.

Sai aka kawo Kamla. Mai ɗaukar bulo ce a wurin gini, mota ta taka ta. Sa'ar Adda ce, ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa, har yadda take ɗaure fuska in ana taɓa dungulmin irin na Adda ne. Na je na tsaya gaban Baba Mohan na roƙe shi ya bar min wannan ni kaɗai, daga awo har ɗauri. Ya ce ba haka ake yi a nan ba. Na nace, na ce in ban yi guda da hannuna ba me zan je in yi a gida. Ya bari.

A nan na yi kuskuren da ba mai yin sa sai baduku. Mu a wajenmu sabon takalmi matsattse ake yin sa, domin fata tana buɗewa. Wanda ya yi takalmi daidai ƙafa ranar farko, bayan wata guda mai shi zai dawo yana jan sa a ƙasa. Abin nan yana cikin yatsuna tun ina ɗan shekara bakwai. Da nake kankare siffar Kamla, sai hannuna ya ƙara ci kaɗan a kan ƙashin gaba, inda aka koya min in bar sarari. Ban ma yi shawara da kaina ba. Roba kuwa ba fata ba ce, yadda ta fito daga tanderu haka za ta zauna, naman mutum ne zai ba da hanya.

Kamla ta sa, ta miƙe, ta taka har bakin ƙofa. Ni ban je wanke bokiti ba. Ina gaba da waya ina ɗaukar hoto, na tura wa Adda nan take.

"Kai, minyam, kai ka yi wannan?" Haka take kira na da Fillanci in ta ji daɗi, wato ƙanena.

"Ni kaɗai, Adda. Ba wanda ya sa min hannu."

Bayan kwana goma sha biyu mijin Kamla ya shigo da ita a goye. Da aka zare ƙafar, wari ya fara fita kafin mu ga ciwon. Fatar kan ƙashin ta saɓule ta yi ruwa. Mijin yana ta ihu da harshensu yana nuna ni. Aka tambaye ta don me ba ta dawo da wuri ba, ta yi magana a hankali, wani ya fassara min. Ta ce tun takun farko ta ji zafi, amma ta ga baƙon nan yana ta murna, ta ji kunyar ɓata masa.

Na koma bayan ginin na zauna kan bokiti a kife. Na yanke shawarar tattara kayana. Baba Mohan ya zo da kofin shayi biyu ya zauna kusa da ni, fuskarsa yadda take ranar da ake yaba min, ba ragi ba ƙari. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Na ce, "Baba, ka zage ni mana."

Ya ce, "In na zage ka ciwon zai rufe?"

"To kai ba ka jin komai ne? Dutse ne kai?"

Ya kurɓi shayi. Ya ce, "Ina ji. Da na ga ciwon nan fushi ya zo, tsoro ya zo, kunya ta zo. Baƙi ne, ba a korar su, ba su koruwa ma. Benci nake ba su su zauna. Magagari ne kawai ba na miƙa musu." Sannan ya ce, "Wa ka yi wa ƙafar nan?"

Na ce Kamla.

"A'a. Ina kallonka ranar. Hannunka na kan filasta, idonka na wata ƙasa."

A nan na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa matata ba, wayar Talata da takalman biki da sai gobe. Na yi kuka irin na ƙato, mai muni. Bai dafa ni ba, bai ce ba laifina ba ne.

Ya ce, "Mu an koya mana tun muna yara cewa aiki shi ne rabon mutum, abin da aikin zai haifa kuwa ba a hannunsa yake ba. Ka yi shi da kyau iyakar iyawarka, ka ajiye gaban Ubangiji, ka juya. Wanda ya zuba wa sakamako ido, in an yabe shi ya kumbura, in an kushe shi ya zube. Kai ba ƙafa ka zo koyo ba, Sale. Yafiya ka zo nema, ƙafar ce abin da za ka miƙa a ba ka. Shi ya sa da matar nan ta taka, fuskarta ba ka duba ba."

Na sunkuyar da kai. Sai ya ƙara abin da ya sa na ƙaunace shi har gobe. Ya ce, "Ni ma na duba gurbin kafin a sa mata, na ga kamar ya matse. Na ga kana murna, na yi shiru. Son da nake maka ya rufe min baki. Don haka ciwon nan namu ne mu biyu, gobe da safe mu za mu wanke shi."

Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Malaminmu na Luggere ya sha faɗar irinta a kan ikhlasi, ina jingine da bango ina gyangyaɗi. Sai da na ƙetare teku, mai jan ɗigo a goshi ya faɗa min a kan bokiti, sannan ta shiga.

Sati biyar muna wanke ciwon Kamla kowace safiya, shi ya riƙe ni in goge, ko ni in riƙe shi ya goge. Da farko ba ta kallona. Daga baya ta fara koya min sunayen abubuwa da harshensu tana dariyar yadda nake faɗa. Mijin bai taɓa sakin fuska ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da ciwon ya warke aka yi mata sabuwa bisa tsarin gidan, hannu huɗu, nawa kankara ce kawai. Na kankare ina tambayarta, nan fa, nan fa, ina kallon goshinta ba bakinta ba. Ranar da ta taka ta tafi ina bayan ginin da bokiti. Ba tsarkin zuciya ya kai ni ba, kunya ce. Daɗin abin daga baya na gano shi, kuma har yau a ɗan shagona na Bekaji, in mai ƙafa ya miƙe dangi suka fara kabbara, nakan tuna ina da abin wankewa.

Kafin in taho muka kwashe kwana uku ni da Baba Mohan muna haɗa launin tafin Adda. Yakan kara robar a damtsena ya girgiza kai ya ce a ƙara baƙi, ma'aikata na ta dariya. Ya raba babban yatsa da na kusa da shi saboda silifa. Ranar tafiya matarsa ta cika min jaka da gurasa kamar babu abinci a Najeriya, shi kuma ya ba ni tsohon magagarinsa. Na rasa yadda zan gode masa. Na durƙusa irin namu, ya ɗaga ni da sauri ya ce jirgi ba ya jira, ya koma ciki tun ban fita ƙofa ba.

A gida ba tanderun gasa roba, sai na roƙi wani mai gidan burodi a unguwar Karewa ya riƙa ba ni nasa in ya gama gashi. Sau uku bututun na ƙonewa kafin na gane wutar. Na auna Adda a tsakar gida tana yi min tsiya, wai na je Indiya na dawo da wuya kamar na zakara. Ranar gwaji na ce mata, "In kin ji zafi ko kaɗan ne ki faɗa. Kar ki duba fuskata."

Ta ce, "Yaushe na taɓa duba fuskanka?"

Ta miƙe. Ta taka zuwa randa ta dawo. Ta tsuguna ta tashi. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma ta yi salla a tsaye, ta zauna tahiyya a ƙasa, matata na leƙe ta taga tana share ido. Ni na shirya maganata tsaf, ina jira ta shafa addu'a. Tana shafawa ta riga ni.

"Sale, ƙafan nan zai iya gona?"

Na ce wace gona.

"Nawa mana. An buɗe hanya, mutanenmu suna komawa. Matan layinmu uku sun koma tun bara. Gidana na can ba rufi, gonan Malam mijina na can ciyawa ya cinye. Ni ba zan mutu a ɗakin ƙanena ina faɗan gishiri ba."

Wajen bai gama lafawa ba, ana shiga ƙauyuka jefi-jefi, kowa ya sani. Duk tsawon zamana a Indiya ban taɓa kawo wa raina cewa ƙafar da nake koyo ita za ta fitar da Adda daga gidana ta mayar da ita inda aka harbe ta ba. Na yi magiya, na kira dangi, ta saurari kowa ta ce ta ji. Sai na koma ga dabarar masu sana'a. Na karɓi ƙafar na ce akwai gyara. Gyaran gaskiya na yini ɗaya ne, a ƙarfafa maɗaurin saboda hawan dutse, amma na rataye ta a shago. Yau in ce manne bai bushe ba, gobe in ce mai burodi ya yi tafiya. Har na tsaya da magagari a hannu ina tunanin in na ɗan ci gefe guda, za ta iya yawon tsakar gida amma ba za ta iya nisa ba. Na san wane baƙo ne ya tashi daga benci yake miƙo hannu. Na ajiye magagarin, amma ƙafar ban mayar ba.

Sati uku ana haka. Wata safiya zan fita ta kira ni, tana zaune bakin ƙofarta da sandunan da ta koma wa.

"Yau zan samu?"

Na ce, "Adda, bari sai gobe."

Ban san abin da na faɗa ba sai da ya fita. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce a hankali, "Sale, ka sake?"

Na wuce shago na sauko da ƙafar. Na yi mata aikin da ban taɓa yi wa wani abu ba a rayuwata, na ninka maɗaurin da fatar da na jeme da kaina, na ƙara wa tafin kauri saboda tsakuwa, na duba kowane gefe da yatsa ido a rufe. Ina yi ina jin tsoron yana nan zaune, bai tafi ko'ina ba. Kafin azahar na kai mata.

Ranar Asabar da safe na raka ta tasha da buhun masara da kwanon rufi shida da aka ɗaure a saman mota. Ta sa silifa ja, ƙafa biyu. Direba na ta kiran saura mutum ɗaya. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ban san ko za a sake ba ni dama ba.

Na ce, "Adda, ranar da kika kira ni, da na zo..."

Ta ce, "Da ka zo. Ba ka zo ba." Ta gyara mayafi. "Na yi fushi da kai, Sale, fushi mai yawa. Shekara biyu in ka ɗauke ni zuwa bayan gida ina kallon ƙeyanka ina jin kamar in cije. Sai wata rana na duba na ga babu. Tun kafin ka hau jirgi na yafe maka."

"Tun kafin? To me ya hana ki faɗa min?"

"In faɗa maka ka zauna? Da wa zai kawo min ƙafa?"

Na yi dariya da kuka a haɗe. Na miƙa hannu in taimaka mata ta hau, ta buge hannun. Ta dafa ƙofa, ta ɗora ta hagun a kan matakin, ta hau da kanta, ta zauna jikin taga ta fara yi wa direba faɗa a kan yadda ya ɗaure mata kwano.